Bakin da ke Ɗinke Taru

Ku da aka ɗauka aiki kwanan nan, na ji abin da kuke faɗa a bayan ɗakin magani. Wai aikin ɗakin haƙori ba aiki ba ne: a buɗe baki, a fizge, a tofar, a kira na gaba. Ban ji haushi ba, mu tsofaffin ma'aikata mun saba da surutun yara. Gaskiya ne gemuna bai fito ba tukuna, kuma har gobe innata tana aikena sayen daddawa, amma a cikin bakunan mutane ni dattijo ne. Na leƙa bakin da in ka yi tari a ciki sai ka ji amsa-kuwwa. Na leƙa bakin da ƙuda ke zuwa ƙofarsa ya yi sallama ya juya. Saboda haka ku gyara zama.

Ina gama firamare a Birnin Kebbi babana ya gaji da ƙarar da ake kawo masa a kaina, ya kama hannuna ya kai ni wurin abokinsa Malam Umaru, mutumin Ambursa, wanda ke riƙe da ɗakin haƙori a asibitinmu. Malam ba likita ba ne. Likitan haƙori daga Sakkwato yake zuwa jefi-jefi, babban aiki sai an jira shi. Malam shi ke wanke baki, ya kankare kantar da ta daskare a gindin haƙora, ya cire wanda ya riga ya yi bankwana da duniya, ya koya wa mutane yadda za su kula da sauran.

Aikina na farko dafuwa ne. Ana zuba kayan aiki a tukunya, a aza kan risho, ni kuma in tsaya ina gadi kamar mai jiran tuwo. A nan na san su ɗaya bayan ɗaya: ɗan madubi mai dogon mariƙi, ƙananan ƙugiyoyi na kankara, da awartaki iri-iri, na sama daban, na ƙasa daban. Akwai wani awartaki da ba a ciro shi gaban mara lafiya, don na taɓa ganin ƙaton ɗan dambe ya hange shi ya ce haƙorin ya daina ciwo, ya fita ya bar takalminsa. Daga dafuwa aka ƙara mini girma zuwa riƙon tocila, domin wutar lantarki a garin nan baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce. Sai da na daɗe ina haska wa Malam hanya kafin ya yarda in sa ƙugiya a bakin mutum.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana wurin waɗanda ba su dace da kujerarmu ba, kuma Malam ya yi suna a kansu, har daga ƙauyuka ake kawo masa su. Wata tsohuwa makauniya daga Zauro, ba ta buɗe baki sai ta shafa kowane ƙarfe da hannunta, ta tambayi sunansa da abin da zai yi mata. Ranar farko na ƙagu, na ce, "Kaka, sai ka ce sayen su za ki yi." Malam ya harare ni. Daga baya ya ce in rufe ido in buɗe baki, ya taɓa mini haƙori da ƙarfe mai sanyi ba tare da ya ce komai ba. Na yi tsallen da har yau akwai alamar kaina a rufin ɗakin. Tun ranar nake gaya wa makaho abin da zan yi kafin in yi.

Kurma kuwa madubi biyu muke sawa, ya ga bakina ya ga nasa, in goge nawa ya goge nasa. Akwai kuma wani yaro da jikinsa ke karkarwa tun haihuwa, bakinsa yakan rufe da kansa ba da niyyarsa ba. Shi ba ya hawa kujera. Tabarma muke shimfiɗawa, uwarsa ta zauna ta aza kansa a cinya, a naɗe ƴan itace da bandeji a tokare gefen bakin. Kafin in koyi wannan dabarar yatsana ya kwana a bakinsa sau da yawa, har na fara tunanin in bar masa shi kyauta.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Baba Arzika.

Mukan je Argungu ranar kasuwa, Malam a gaban babur, ni a baya rungume da akwatin kaya, mu buɗe aiki a wani ɗaki da ake ara mana a ɗakin shan magani. A wannan karon mun yi sa'a likita ma ya biyo ta can. Aka shigo da wani dattijo dogo, siriri, matarsa a bayansa. Kuturta ta kama shi tun yana saurayi. Ciwon ya mutu tuntuni, ya sha maganinsa ya gama, sai dai ya tafi da yatsu. Hannun dama tafi ne kawai, sumul. Hagu yana da guntun babban yatsa da guntun manuni, suna iya matse abu. Kuma duk hannuwan biyu ba sa jin zafi, ko garwashi ya taɓa sai dai hanci ya gaya masa.

Na haska bakin. Dasashi ya kumbura ya yi ja, ko iska ta taɓa shi sai jini. Kanta ta hau haƙoran kamar an yaɓa musu laka. Na gaba, sama da ƙasa, suna rawa, in ya yi magana suna gyaɗa kai suna yarda da shi. Likita ya taɓa su a hankali ya ce gara a cire na gaban nan, a huta.

Dattijon ya janye kansa daga hannun likita.

"Likita, ka san sana'ata?"

"Sai ka faɗa, Baba."

Matarsa, Inna Tumba, ta kwance wani guntun taru daga bakin zanenta ta miƙa masa. Ya saƙale shi a babban yatsan ƙafa, ya matse ɗan itacen saƙa da guntayen yatsun hagu, ya zura zare, ya zagayo, sannan ya sunkuya ya kama bakin zaren da haƙoran gaba ya ja. Ƙulli ya zauna. A kan zaren kuma ga jini.

"Hakanan nike ɗunke ma masunta taru da homa," in ji shi. "Ciwo ya amshe yatsuna na hannu, waɗanga na yatsun da sunka rage. In kunka ɗebe su, sai ku ba ni ƙoƙo in zamna bakin kasuwa. Ban taɓa miƙa ma kowa hannu ba, balle ma babu abin miƙawa."

Likita ya dubi ƙullin. Ya tambaye shi yaushe rabonsa da asuwaki. Ya ce tun da manunin dama ya tafi, sai dai kurkura. Inna ta ce ta sha cewa ya bari ta goge masa.

"Ni jinjiri na?" in ji shi.

Likita ya ce to, zai ba mu lokaci. Malam ya kankare bakin tas, a nemo yadda dattijo zai riƙa gogewa da kansa safe da yamma, kuma ya daina jan zare da haƙora har sai an sake dubawa. In ya dawo bayan damina ya tarar suna rawa kamar yau, babu sauran magana, zai cire, don mugunyar da ke gindinsu za ta ci ƙashi.

Kankarar kaɗai ta ɗauke mu zuwa da yawa. Abin da Malam ya haƙo daga bakin nan, da an tara da ya isa gina katangar bayan gida. Ni ke riƙe tocila, kuma ni ke tsokanarsa don ya manta da ƙugiya. Tun ranar farko na ce Inna Tumba matata ce, aro na ba shi.

"Baba, in an ɗebe maka haƙora ai sai ka sakar mini matata, ba ta zama da mai bakin wofi."

"Kai ɗan banza, kai da ko wandon kirki ba ka da. Tumba, kin ji mijinki, majina ba ta bushe mai ba."

"Ni dai yaron ga nawa na," in ji Inna. "Ko ba komi shina da haƙora."

Daga nan muka zauna ƙera masa abin gogewa. Muka dubi hannuwan, hagu ne mai kamawa, sai dai mariƙin buroshi ya yi masa siriri, yana zamewa. Na kawo shawarar totuwar masara. Muka sami busasshiya mai kauri, muka huda tsakiya, muka cusa mariƙin a ciki muka ɗaure. Ya gwada a gabanmu, ta zauna cif tsakanin guntayen yatsunsa. Ya juya ta, ya dube ta, ya dube mu.

"Madalla. Allah shi yi albarka. Kun yi ƙoƙari ƙwarai."

A hanyar komawa Birnin Kebbi na cika wa Malam kunne, na ce ya kamata a kai totuwar nan Sakkwato a sa ta a gilashi, a rubuta sunana a ƙasa.

Wannan kuwa ita ce mummunar shekarar da kuke jin labari. Ruwa ya yi gardama, shinkafar fadama ta ƙone a tsaye, gulbi ya janye har yara na tsallaka shi ba su naɗe wando ba. A asibiti allurar kashe zafi ta yanke, auduga sai mun tsaga ta kamar naman layya, man goge baki ya ɓace daga kasuwa. Muka koma ruwan ɗumi da gishiri. Duk wanda aka cire wa haƙori a lokacin, unguwa uku ke sanin an cire. Abu ɗaya farin ya yi mana: masunta ba su da abin kamawa, ba sa kawo taru, sai haƙoran Baba Arzika suka sami hutun da baki ba zai taɓa sa shi ya ba su ba.

Duk da haka bakin bai gyaru ba. Kowane zuwa sai mu tarar sabon datti ya kwanta, dasashi yana nan yadda yake.

"Baba, kana gogewa kuwa?"

"Abin nan shina nan, lahiya lau."

"Yana yi maka daidai?"

"Ƙwarai. Kun yi ƙoƙari."

Malam ya canza buroshi, ya sa mai laushi. Ya ce ko totuwar ce ta yi kauri, na fiƙe ta. Ya ce ko ciwon suga ne, aka gwada, babu. Damina, irin wadda aka samu, ta kusa wucewa, an aiko cewa likita na nan tafe, mu kuwa muna inda muka fara. Malam ya daina dariyar barkwancina, abin da ke nuna lamari ya ɓaci, don barkwancina ko gawa yakan sa ta murmusa.

Wata ranar kasuwa ya ce in bar tocila in je gidan Baba in ga da idona yadda yake gogewa. Gidan yana can gangaren gulbi, tsofaffin gorunan kamun kifi a jingine a zaure. Na yi sallama na tarar yana cin tuwo a tsakar gida. Na tsuguna gefe ina jiran ya gama, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Da tafin dama yake ci. Yakan danna tuwon a gefen akushi, ya turo shi da gindin tafin har ya hau, ya ɗaga a hankali, rabi ya kai baki rabi ya koma. Hagu kuwa, mai iya ɗaukar loma ba wahala, yana ajiye a kan gwiwa kamar baƙo.

"Baba, ga hannun da ke kamawa, don me kake wannan kokawa?"

Inna ta daina firfita wuta ta juyo.

"Kai ɗan wane gida na? Hagu za shi kai baki? Hannun tsarki?"

Sai a lokacin na gane. Ni da innata ta fasa mini ludayi a ka saboda na karɓi ƙosai da hagu. Malam da ke jan mu salla in liman bai zo ba. Mu biyu muka zauna muka auna hannu kamar maƙera na auna ƙota, muka ga wanda ke kamawa, ba wanda ya tuna wane hannu ne.

"To ina buroshin?"

Inna ta shiga ɗaki ta fito da shi daga cikin jeren kwanoninta, a naɗe cikin ƙyalle, fes, ko ruwa bai taɓa gani ba.

"Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Kun wahala kun yi mani abu, in ce bai yi ba? Ba a yin haka."

"Sai ka bari a cire maka haƙora don kunya?"

"Na so in gwada," in ji shi. "In na ɗauko, hannun shi taho har nan, sai shi tsaya. Bakin da nika karatun salla da shi na."

Da na gaya wa Malam, ya cire hularsa ya dubi cikinta, ya mayar. Na ce ko mu samo malamin da zai gaya masa lalura ta halatta. Ya ce mutumin da ya shekara da shekaru yana kokawa da tuwo bai canza hannu ba, ba fatawa yake jira ba, kuma mu ba mu da lokacin. Da dama zai goge, sai mu san yadda za mu yi.

Tafi ba yatsa ba ya riƙe komai, sai dai a ɗaura masa. Na ce a yanko roba daga tsohon tub na babur. Malam ya ce roba za ta ci fatar, shi kuwa ba zai ji ba sai ta zama gyambo. Muka je wurin wani baduku a bakin kasuwa. Ya yanko fatar akuya mai laushi, ya ɗinka ta kamar kambu, mai faɗin da tafi zai shige, ya yi mata shafi da auduga a ciki, a tsakiya kuma ya ɗinka ɗan kube inda mariƙi zai zauna. Ba igiya, ba maɓalli, don ya iya zura hannu da kansa. Na farko ya yi sako-sako. Na biyu ya matse. Na uku ya zauna, amma wuyan hannun Baba ba ya lanƙwasa sosai, buroshin sai ya nufi kunne. Na ce ba laifi, kunnen ma yana son wanki. Malam ya kara mariƙin a wutar risho har ya yi laushi, ya tanƙwara shi kaɗan kaɗan, ana gwadawa, har ya daidaita da bakin. Da yake buroshi ya yi wuyar samu, muka sa badukun ya matse kuben yadda asuwaki ma zai zauna. Baba ba zai iya tauna kansa da haƙora masu rawa ba, sai Inna ta riƙa daddaƙa masa da dutse har ya yi taushi. Ita kuma muka ɗora wa duba fatar hannun kullum in ya cire, ko da ja kaɗan ta gani a dakata.

Ranar da Baba ya fara, garin koyo ya goge hanci, ya goge gemu, ya kusa tsone ido. Sannan ya sami hanya. Ya tofar, ya sake, ya ƙi tsayawa.

"Baba, ya isa, za ka kankare su su ƙare."

"Rabu da ni, bashin shekaru nika biya."

Lokacin da ya rage mana kaɗan ne, muka ƙara kankara ɗaya, muka bar sauran ga Allah da fatar akuya. Inna ta ce ya zame mata fitina, ko baƙo ya yi sallama sai ya fito da kambu a hannu da asuwaki a baki.

Ranar da likita ya zo, ni na riƙe tocila. Dasashin ya sauka, ya koma kalarsa, an danna ba jini. Likita ya bi haƙoran ɗaya ɗaya yana girgizawa da gindin madubi. Na sama sun tsaya. Na ƙasa ya daɗe a kansu, ya koma kan guda ɗaya, ya sake komawa.

"Wannan ɗaya ya riga ya tafi, Baba, ba abin da ke riƙe da shi. Sauran za su zauna, in ka ci gaba da abin da kake yi. Amma ba za su koma na saurayi ba. Zare mai kauri ka riƙa ja da na gefe, kada ka ɗora wa na gaba."

"Guda ɗai?"

"Guda ɗaya."

"Ɗebe shi. Dama malalaci na."

Ya fita ba gardama, ko awartakin kirki bai buƙata ba. Likita ya ɗauki kambun ya jujjuya, ya zura nasa hannun ya gwada, ya tambayi Malam inda badukun yake zama. Ya ce wa Baba ya bar zare sai ramin ya warke.

Bayan ruwa ya ɗan dawo gulbi, muka je Argungu, na ce wa Malam zan leƙa matata. Tun daga zaure na fara tsallake taruna, an jibge su har ba wurin aza ƙafa, wani masunci na tsugune yana jiran nasa. Baba Arzika na zaune a tsakiya, ƙafa a miƙe, kai a sunkuye. Na yi sallama, shiru. Na gaishe shi, shiru. Na matsa na ce na zo ɗaukar Inna yau ɗin nan, har na kawo babur. Ya ɗago ido ya harare ni, zare a bakinsa, ya ja, ƙulli ya zauna, ya zura wani.

Inna ta leƙo daga madafa, muciya a hannu.

"Kai, bar shi. Ba ka gani bakinai na aiki?"